Kujerar Inna Mai Suna Uku

Daga Auta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ina gajiyar aiki? Na san za ki ce Auta ba ya ɗaukar biro sai da dalili, kuma ba ki yi ƙarya ba. Wayarki kullum "ina mitin" take ce min, shi ya sa na koma takarda.

Kin san da Inna za ta dawo gida bayan shekara shidan da ta yi a wurina, abu ɗaya ta ce lallai a biyo ta da shi, kujerar nan da ke bakin ƙofata. Na ce mata ta tsufa, in ta isa a saya mata sabuwa. Ta ce ita wannan take so, in ba haka ba ba za ta hau jirgin ba. Kin dai san Inna in ta kafe. Na naɗe ta da bargo, na ɗaure, na sa a kwantenar wani abokin aikina.

To yau sati biyar ke nan kujerar tana tsare a siton tasharku ta jiragen ruwa. Ejan da ke fitar min da ita ya ce wai mutanenku na kwastam sun rasa layin da za su sa ta a littafin kuɗin fito, kuma in ta cika wata uku, ko a mayar da ita inda ta fito ko a yi gwanjonta. Kujera fa, Yaya. Shekara ashirin kina wannan ofis kina raba wa kayan duniya lamba, a ce kujerar uwarki ta gagare ku?

Don Allah ki leƙa ki sa baki. Duk wasiƙar da Malama maƙwabciyar Inna ta rubuto min da yawunta, layin farko kujera, layin ƙarshe kujera.

Ki gaida kowa. Maganar aure da na san za ki cusa a amsarki kuma, na ji, na gode, ana nan ana dubawa.

Ƙaninki,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Wa alaikumus salam Auta,

Lafiya lau muke, yara suna gaida kawunsu. Saƙonka ya iso, raininka ma ya iso.

Na ciro fayil ɗin, kuma da na karanta sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa. A takardar da ka cike da hannunka ka rubuta "kujera". Kamfanin jirgin ruwa ya rubuta "gado mai naɗewa". Ejan naka, wanda ban san a inda ka tsinto shi ba, ya rubuta "durowar kaya". Abu ɗaya, takarda uku, suna uku. Wa kake so ya sa hannu a kan wannan?

Bari in koya maka aikin nawa tunda ka raina shi. A littafinmu abin zama layinsa daban, abin kwanciya daban, abin ajiya daban, kowanne da lambarsa da kuɗin fitonsa. In kaya ya zo yana aiki biyu ko uku, ba ma bin sunan da mai shi ya raɗa masa. Tambayarmu ita ce, cikin ayyukan nan wanne ne ainihinsa, wanda in an cire shi abin ya tashi daga aiki? In an kasa rabewa, sai a ɗauki layin da ya zo daga ƙarshe a littafin. Yawanci takardar kamfanin da ya ƙera kayan ce ke raba gardama. Taka kujerar an duba ta ta ƙasa ta baya, babu sunan kamfani ko guda.

Kuma ni ba zan taɓa ta ba. Kayan gidanmu ne, doka ta hana ni sa hannu. Na miƙa wa Dattijo, wanda teburinsa ke kallon nawa, saura masa wata huɗu ya yi ritaya. Shi ba ya yarda da takarda. Tsohon kaya in ya zo gabansa, inda ya goge da inda ya koɗe yake dubawa, daga nan yake gane aikin da abin ya yi. Ƙarshen wata zai sa a kwance ta, ni kuma zan tsaya a gefe in yi kallo.

Ka amsa min a taƙaice. Mene ne wannan abin, kuma me kuke yi da shi? Manajan shagon kayan ɗaki, mai falo da ɗaki uku, wanda ke turo mana hotunan gadaje irin na otal, me ya haɗa uwarsa da tsohon katako?

Aure kuwa ba zan fasa faɗa ba. Shekara talatin da takwas, gida fankameme, kai kaɗai a ciki.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Daga Auta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa. Kujera ce, zama ake yi a kanta.

Ki ce wa Dattijo ya sa ta a layin da ya fi kowanne tsada, ni zan ji da shi, ba sai an kwance ta ba. Ƙarfenta ya yi tsatsa, tana iya datse wa mutum yatsa. In kuma dole sai an buɗe, to ku bar ta ta tafi gwanjo, ni na san abin da zan gaya wa Inna.

Ban taɓa roƙonki komai a kan aikinki ba sai wannan karon. Don Allah kada ki je siton nan.

Ƙaninki,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Sallamar kawai zan iya, sauran gaisuwar ta ƙi fitowa.

Wasiƙarka ta same ni a tebur bayan mun dawo daga sito. Ka makara da kwana ɗaya, kuma yanzu na gane abin da ya sa ba ka so in je.

Da leburori suka yanke igiya suka yaye bargon, benci muka gani mai majingina, ƙasansa durowa uku. Ejan ya ce, "Kun gani ko? Ai na ce muku durowa ce." Dattijo bai kula shi ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya danna wurin zaman da babban yatsa, ya ce, "Nan bai sha wahala ba." Sai ya laluba ƙasa ya ja wani ƙarfe. Babu tsatsa, Auta. Ko ƙara bai yi ba, an sha ɗiga masa mai. Abin ya buɗe, ya miƙe, ya zama gado siriri, faɗinsa bai fi na ƙofa ba.

Katifar ta lotsa a tsakiya har ana jin katako da tafin hannu. Yadin jikinta ya koɗe har yana sheƙi. Gefe ɗaya na katakon fentinsa ya goge tun daga kai har ƙafa, Dattijo ya ce bango ne ya ci shi, a wuri mai matsi ake buɗe ta kullum. Ya ce, "Wannan ba kwanan baƙo ba ne. Shekaru aka yi ana kwana a nan babu fashi."

Sai warin ya buge ni. Man zafin Inna mai koren murfi, wanda ko ido na rufe na san shi. Na ja durowar farko. Ɗankwalinta mai ɗigo-ɗigo, tsohon carbinta, kwalaben maganin idonta. Na zauna a kan wani kwali a gaban leburori. Dattijo ya tambaye ni ko lafiya, na ce jiri ne.

A wasiƙarka ta farko cewa ka yi "kujerar da ke bakin ƙofata". A bakin ƙofa ka kwantar da uwarmu shekara shida? Tsohuwar da aka kai maka don a yi mata aikin ido, mai ciwon gwiwa, kai kana ciki a miƙe kan gadon da kake turo mana hotonsa? Ni da bakina nake ce wa dangi Auta ya fi mu duka, ya ba Inna ɗakinta da banɗakinta. Ita kuma ko sau ɗaya ba ta faɗa ba. Ta rufa maka asiri har ta saba da abin, ta kasa rabuwa da shi.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar nan ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko maigidan. Ka ba ni amsa kafin in tara dangi.

Yayarka, in har yanzu akwai wannan a tsakaninmu

Daga Auta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Na karanta. Abin da kika gani kin gani, ba ni da bakin musu. In za ki gaya wa dangi ki gaya musu, na ɗauka.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ki tayar wa Inna da maganar, hawan jininta bai daɗe da sauka ba. Ki sa a kai mata kujerarta kawai.

Ki yafe ni in kin iya.
Auta

Daga Yaya zuwa ga Inna

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Malama, ina gaishe ki ke ma, don Allah ki karanta mata a hankali, ta wajen kunnen dama.

Inna, Auta ya roƙe ni kada in yi miki wannan magana, amma kwana biyu ke nan na kasa cin abinci. An buɗe kujerarki a wurin aikinmu, ta zama gado, na ji warin man zafinki, na ga kayanki a durowa. Na rubuta wa Auta maganganu masu zafi, na ce a bakin ƙofa ya kwantar da ke shekara shida. Bai musa ba.

To shekaranjiya Dattijo, abokin aikina da zai yanke mata lamba, ya ce in raka shi sito ya ƙarasa rahotonsa. Muna isa ya cire takalmi da hula, ya kwanta a kanta da kakinsa a jikinsa, leburori suna ta dariya. Dogo ne shi. Ƙugunsa ya faɗa daidai inda katifar ta lotsa, ƙafafunsa suka wuce katifar suka hau katakon ƙarshe. Ya tashi ya ce, "Zo ki gani." A jikin katakon akwai wuri biyu da suka yi santsi suka ɗan zurma, inda dugadugai ke sauka.

Ya ce, "Mahaifiyar taki doguwa ce?"

Na ce, "Ko kafaɗata ba ta kai ba."

Ya ɗauko tef ya auna daga shatin filo zuwa shatin dugadugan, ƙafa shida da ɗoriya. Ya ce, "Wanda ya lotsa katifar nan namiji ne, dogo, mai nauyi, kuma a kan gefe ɗaya yake kwana don kafaɗunsa ba sa shiga." Ya kuma nuna min cewa katakon iri uku ne, daga kaya uku daban-daban, wani ne ya zauna ya haɗa su da hannu.

Da na koma gida na ciro hotunan da Auta yake turo mana na gidansa, na sa tabarau. Ba ɗakin da ke da taga. A hoton falon, ga ƴar takardar farashi nan tana lilo a jikin fitila. Shekara ashirin ina kallon hotunan shagunan kayan ɗaki a wurin aiki, na ƙanina ne kawai ban gane ba.

Don girman Allah ki faɗa min. Ɗaki nawa ne a gidan Auta? Wa ya kwana a kan abin nan?

Allah ya ƙara miki lafiya.
Ƴarki

Daga Inna zuwa ga Yaya

Wa alaikumus salam Yayarsu,

Ina gaishe ki, ki gaida maigidanki da jikokina. Malama ce ke rubutawa, na ce mata kada ta gyara min magana.

Na yi wa ƙaninki alkawarin ba zan fara faɗa ba. Ban fara ba, ke kika tambaya.

Ɗaki ɗaya ne. Ɗaki ɗaya, sai wani ɗan lungu daga ƙofar shigowa zuwa banɗaki, risho a kusurwa. Gado ɗaya ne a gidan, kuma ni ce a kansa tun ranar da na sauka. Shi ba manaja ba ne. Shi ke haɗa kayan, shi ke ɗaukarsu a baya ya hau bene da su gidajen mutane. Hotunan a shago yake ɗauka in an tashi.

Da farko ban sani ba, kin san yadda idona yake lokacin. Ya ce ɗakinsa na nan kusa da nawa. Sai da aka yi min aikin ido na farko, wata safiya na fito alwala na yi tuntuɓe da ƙafafun mutum. Na ce, "Wane ne?" Ya ce, "Ni ne Inna, mukullin ɗakina ne ya ɓata." Washegari ma mukullin bai fito ba. Har na baro garin ba a ga mukullin nan ba.

Na ce mu musanya, ai ni gajera ce, abin zai ɗauke ni. Ya ƙi. Na yi faɗa, na yi kuka, wata rana ma na kwanta a ƙasa don in tilasta shi, ya sunkuce ni kamar jaririya ya mayar kan gado. Ya ce in kika sani za ki sa a dawo da ni ba a yi ido na biyu ba. Ya ce kuma ranki zai ɓaci, don ke kika ce gidanki ba wuri.

Man zafin nawa ne, amma bayan nasa ne. Kullum in ya taso aiki sai na shafa masa kafin ya iya miƙewa. Durowar kuwa ni ya bar wa, don ɗakin ba ya cin wardirob. Nasa kayan a jaka suke, a rataye a ƙusa. Auren da kike zolayarsa da shi ma, akwai wata nas a asibitin idon, mai hankali, tana son shi yana son ta. Ya janye. Na tambaye shi, ya ce, "Inna, a ina zan sa ta?"

Kina ta mamakin me zan yi da tsohon katako. Ba abin da zan yi da shi, ko ganinsa ba na son yi. Ɗana na sani. In na tafi na bar kujerar nan, a kanta zai ci gaba da kwana, ya ce gado na Inna ne. Shi ya sa na kafe sai an ɗauke ta, ya rasa wurin kwanciya sai gadon. Tambayar da nake ta yi kuma, tsoro nake kada ku mayar masa da ita. Ku sa mata lambar da kuka ga dama, ku ƙone ta ma in kuna so, ita dai kada ta koma.

Ke kuma tun kina ƙarama bakinki ke riga idonki. Ki rubuta masa, kuma wannan karon ki fara da gaisuwa.

Allah ya yi muku albarka ku duka.
Innarku

Daga Yaya zuwa ga Auta

Assalamu alaikum Auta,

Ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya bayan naka? Maigidan yana gaishe ka, yara suna gaida kawunsu. Inna ta ce in fara da gaisuwa, ga ta nan, kuma ban san yadda zan wuce ta ba.

Na sani, Auta. Katifar ce ta fara faɗa, Inna ta ƙarasa. Na zage ka a kan abin da ya kamata in durƙusa in gode maka, kai kuma ka karɓi zagin ka ce in tara dangi. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Ka yafe ni.

Ɗakin da na ce ba wuri shekara shida da suka wuce, ka san abin da ke cikinsa? Kwalayen tsofaffin littattafan ofis da keken motsa jikin da ban taɓa hawa ba. Ranar Asabar na fitar da su da hannuna. Inna za ta dawo wurina ƙarshen wata, ta yarda bayan ta gama wanke ni tas.

Dattijo ya gama rahotonsa. Ya rubuta cewa in an cire zama abin yana aiki, in an cire durowa yana aiki, in an cire kwanciya ba dalilin ƙera shi. Ya sa shi a layin gadaje. Da ya zo gurbin sunan kamfanin da ya ƙera, ya ɗago ya kalle ni, na gaya masa komai. Sai ya rubuta "ɗan mai kayan". An saki gadon, yana gidana. Na gwada kwanciya a kai da rana, ban kai minti goma ba.

Inna ba sonsa take ba. Ta raba ka da shi ne don ka hau gado. To yanzu ka faɗa min, yaya ka ji gadon?

Allah ya saka maka da alheri.
Yayarka

Daga Auta zuwa ga Yaya

Wa alaikumus salam Yaya,

Ina amsawa, bayan ma da sauƙi. Babu abin yafewa tsakanina da ke. Ki gode wa Dattijo.

Kin tambaye ni gado, kuma ba zan ƙara yi miki ƙarya ba. Tun ranar da aka ɗauke kujerar, bargo nake shimfiɗawa a lungun, daidai inda take. Gadon yana nan yadda Inna ta gyara shi da hannunta safiyar tafiyarta, har da shatin kanta a filo. Na kasa, Yaya.

Jiya da na taso aiki na zauna a bakinsa na cire takalmi. Iyakar abin da na iya ke nan.

In Inna ta tambaya, ki ce mata na fara.

Ƙaninki,
Auta